Babbar Taya da Saƙon Mutanen Asawase

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na aminiyata a gidan hayarmu na Asawase, a Zangon Kumasi. Sana'ata sayar da waake, shinkafa da wake irin na Gana, don haka kafin kiran assalatu ina tsaye a kan tukunya, da hantsi kuma na sayar na dawo, sai in kwanta in rama barci. Shekara da shekaru ƙarar keken ɗinkinta ce ke raka ni cikin barcin nan. Idan tana bin wuyan riga takan taka shi a hankali, tana tsayawa tana ci gaba. Idan ta hau gefen zani sai ta sake masa ya yi ta gudu. Ina kwance ido rufe nakan san abin da take ɗinkawa.

Sai mijinta ya rasu. Direban babbar mota ne, yana kai doya da albasa Abijan ta Kwaddibuwa, ya ɗauko abin da ya samu ya dawo. Zazzaɓi ya yi na kwana huɗu, aka kai shi asibiti, bai dawo ba. Ta shiga takaba, ta lulluɓe keken da tsohon zani, ni kuma barcin hantsi ya ƙaurace mini. Wata huɗu da kwana goma ina juyi a katifa ina sauraron bango, ba abin da ke fitowa sai tari jefi-jefi.

Allah bai ba su haihuwa ba, iyayenta kuma sun daɗe da rasuwa. Yayanta, wanda ya koma Dosso ta Nijar, garin kakanninsu, tun yana saurayi, ya bugo waya ya ce idan ta fita takaba zai zo ya tafi da ita, don ba zai bar ƙanwarsa ita kaɗai a ɗakin haya ba. Mutumin kirki ne, ba tilasta mata ya yi ba. Tambayarta ya yi, ta ce, "To." A watannin nan duk abin da aka ce mata "to" take cewa. Ci abinci, to. Sha magani, to. Koma garin da sau biyu kacal kika taɓa takawa, to. Ya sa ranar Laraba ta makon da ke biye da fitarta. Ni kuwa tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Tare muka yi makarantar allo, tare muka yi ta boko, ban san yadda ake zama a gidan nan ba ta ciki ba.

Abin da ya faɗo mini a rai shi ne Babbar Taya. Haka marigayin yake kiranta, don shi komai da ido na direba yake kallonsa. Duk sanda ya dawo daga tafiya ya zauna a tsakar gida yana wanke ƙafa, sai ya ɗauko labarin wani filin wasa a Abijan inda aka kafa lilo mai zagaye, ya fi hasumiyar masallacin Juma'a tsawo, da kwanduna rataye a jikinsa da mutane ke zama a ciki. Yakan ce idan kwandonka ya kai sama rana na shirin faɗawa cikin ruwa, kana ganin teku da jirage, kana ganin Kumasi ma. "Har shanyarki nake hangowa," yakan ce da matarsa. Mu yi ta dariya, ita ta jefe shi da ƙyallen ɗinki. Kullum alkawarinsa shi ne idan an sauke kaya zai kai ta. Kaya kuwa ba su taɓa ƙarewa ba.

Dabarata ba ta da zurfi, na sani. Na ce a raina idan ta hau tayar nan ta yi dariya ko sau ɗaya, za ta farka, ta tuna tana da mutane a nan, ta ce wa Yaya a'a. Na nemi ƙawayenmu biyu. Ɗaya nas ce a Ayigya Zango, tana da 'yar ƙaramar mota mai launin toka, kuma ba ta tsoron hanya. Ɗayar malamar Faransanci ce a wata makaranta a Oforikrom, ita za ta zame mana baki idan mun ƙetare iyaka. Nas ta yi musanyen aikin Litinin, Malama ta duba a wayarta ta ce ranar Lahadi ƙarfe shida na yamma ake daina hawa tayar. Muka tsara mu tashi Asabar bayan asuba, mu kwana a Abijan, Lahadi mu yini a filin wasa. Na gaya wa aminiyata. Ta ce, "To."

Kuskuren nawa ne ni kaɗai, ba na raba shi da kowa. Ranar Alhamis da safe ina zuba wa wata tsohuwar kwastoma shito, soyayyen yajin nan namu, a kan waake, ta tambaye ni ko gaskiya ne ba zan fito ranar Asabar ba. Maimakon in ce unguwa za ni in ja bakina, sai na ɗaga murya na ce, "Abijan za mu, Hajiya, mu hau lilo." A gaban layin mutum ashirin na faɗa. Wanda ya san Zango ya san abin da na yi.

Daga la'asar ɗin Juma'a sallama ta fara. Wata ta kawo ƙullin daddawa da kuka a kai wa 'yarta da ke aure a Obuasi. Wani dattijo ya kawo zabi biyu ɗaure da ƙafa, na ƙaninsa a Tarkwa. Aka kawo goron gayyatar biki na Elubo, da kwalbar maganin gwiwa ta wani tsoho a Aboisso, can cikin Kwaddibuwa. Daf da magariba matar liman ta zo da kanta da wani ɗan ƙunshi, ta ce na yayar mahaifiyarta ce a unguwar Ajame ta Abijan. A wurinmu ba a ƙin saƙo, kuma ba a ajiye shi a bakin ƙofa a wuce. Hannu da hannu ake miƙa shi, a zauna, a sha ruwa, a ɗauko amsa. Ina karɓa ina murmushin dole.

Da asuba Nas ta buɗe but ɗin motar ta tsaya tana kallon tulin kayan, hannu a ƙugu.

"Ƙawa, motan biki ne wannan ko motan kasuwa? Zabon nan wa ya kawo shi? In ya yi kashi cikin motana, ke za ki wanke, wallahi."

"Minti biyar-biyar ne a kowane gida," na ce.

Malama ta dube ni ta saman tabarau. Aminiyata ta fito da farin mayafi, ta tsaya a ƙofar gida tana ƙifta ido kamar wadda aka tasa daga barci. Rabonta da bakin titi tun ranar jana'iza.

Jikina bai san agogon matafiya ba. Da rana ta ɗan ɗaga sai barci ya fara fizgata, shi ya sa yawancin hanyar nan tsakanin barci da farke na gan ta. Na buɗe ido na ga masu sayar da ayaba da ƙwai suna gudu a gefen trotro, motocin hayarmu, na rufe. Na sake buɗewa na ga hazo kwance a kan gonakin koko, wata mata tana ratsa shi da tulu a ka, ba a ganin ƙafafunta. Zabin suna ƙorafi a baya, rediyo na ƙasa-ƙasa, aminiyata ta jingina goshi da gilashi. Na riƙa jin kamar motar tsaye take, hanyar ce ke zuwa tana wuce mu.

A Obuasi muka sami gidan ba wuya. Yarinyar ta karɓi ƙullin mahaifiyarta ta shinshina daddawar, idonta ya kawo ruwa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka fara tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sai surukarta, wata dattijuwa mai casbi a wuya, ta ce tun da direban nan ya rasu ba su ƙara ganin saƙo daga Asawase ba, Allah ya jiƙansa, shi ne mai kawo musu. Nas ta sunkuyar da kai. Malama ta nuna aminiyata ta ce a hankali, "Ai ga matarsa nan."

A lokacin na gane irin aikin da na yi. Shekarun nan duka shi ne ke ɗaukar saƙon unguwa a kan hanyar nan, shi ya sa da ya tafi saƙo ya taru a ɗakuna yana jiran mai tafiya. Duk gidan da za mu shiga, gidan da ya saba shiga ne. Na fito da ita don ta manta, ga shi na jera mata zaman makoki daga Kumasi har Abijan. Dattijuwar ta kama hannunta ta yi addu'a mai tsawo, maƙwabta suka shigo su ma suka yi. Aka nuna mata ƙyauren ɗakin girki, aka ce shi ya gyara shi wata rana da ya tarar ya karye, da kayan gyaran motarsa. Aminiyata ta tashi ta je ta buɗe ƙyauren ta rufe, ta sake buɗewa. Minti biyar ɗina ya zama awa ɗaya da rabi, kuma ba mu fita ba sai da muka ci tuwo.

A Tarkwa mai zabi ya rantse ba za mu wuce ba sai an yanka ɗaya mun ci. Muka yi azahar a gidan, muka zauna a gindin mangwaro muna jiran miya. Akwai wani benci a wurin, ƙafarsa ɗaya an tokare ta da dutse. Maigidan ya ce a kansa marigayin yake miƙe baya kafin ya ci gaba, hula a kan fuska, kuma ba ya yarda a ba shi katifa. Aminiyata ta zauna a kan bencin ta shafa katakon da tafin hannu. Ni ina ta duba wayata ina tsaki a ciki. Na matsa kusa da Nas na raɗa mata cewa tafiyar ta lalace.

"Ki bar shi ya zauna," in ji Nas, don a Hausarta mace da namiji duk ɗaya ne. "Tun safe bai ce to ba koraa, ko sau ɗaya. Kin lura?"

Ban lura ba. Ni agogo nake kallo.

Bayan Tarkwa aka yi ruwa, irin mai sauka rana na haske. Muka ratsa gonakin roba, itatuwa a jere sahu-sahu, kowace da ɗan kofi ɗaure a ƙugu, tsakaninsu duhu-duhu mai kore. Na yi gyangyaɗi na yi mafarki muna cikin tukunyar waake ana juya mu, ruwan ya yi ja da karan dafi. Da na farka har mun kusa Elubo, warin ƙasa jiƙaƙƙiya ya cika motar, aminiyata ta sauke gilashi ta miƙa hannu waje tana tarar ruwa.

A Elubo matar da muka kai wa goro ta ce kullum sai ya juya mata baya ya nuna mata ɗinkin rigarsa, ya ce ta nemo mai irin wannan hannu daga nan har Abijan in ta isa. Aminiyata ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar in kwashe sauran saƙon in zubar a kwata. Muka ƙetare iyaka daf da a rufe, Malama tana ta zuba Faransanci, takardun mota a hannunta. Abijan kuwa ba maganarta a ranar. A Aboisso muka kwana, gidan tsoho mai ciwon gwiwa, wanda ya shafa maganinsa a gabanmu ya ce har ya ji sauƙi.

Lahadi ba mu bar Aboisso ba sai da rana ta take, don matan gidan sun dafa aceke, dambun rogo, da soyayyen kifi, kuma sai da limamin unguwar ya zo aka yi wa mamaci addu'a. Daga nan hanya ta miƙe, kwakwa dama da hagu, iska ta canza ta zama mai gishiri. Wajen Bassam teku ta bayyana ta tsakanin itatuwa, ta ɓace, ta sake bayyana. Na taɓa ganin teku a Takoradi, amma wannan kamar ba a ƙasa take ba, kamar an rataye ta ne a bayan kwakwar. Saƙo ɗaya ya rage, ɗan ƙunshin matar liman.

"Mu fara zuwa filin wasa," na ce. "Ajame gobe da safe."

"Gobe da asuba za mu kama hanya," in ji Malama.

Aminiyata ta ɗauki ƙunshin ta ɗora a cinya. "A fara kai mata," ta ce. Wannan ne karo na farko cikin wata huɗu da na ji ta zaɓi wani abu da bakinta, kuma abin da ta zaɓa ya saɓa wa nawa. Na cika fam.

Ajame kamar Asawase ce da aka ninka sau goma: hayaniya, ƙamshin tsire, Hausa da Zabarmanci da Faransanci a cakuɗe. Muka yi ta tambaya har aka kai mu wani gida mai dogon zaure inda direbobi ke sauka. Ƙarfe huɗu ta wuce. Mai gidan tsohuwa ce ƙwarai, ƙarama, tana zaune a kan buzu da 'yar rediyo a gefe. Kowa Mma yake ce mata. Ta kwance ƙunshin, turaren wuta ne da ɗan kwalli, ta yi dariya ta sa wa matar liman albarka. Wannan karon ba wanda ya gabatar da kowa. Aminiyata ce da kanta ta matsa ta durƙusa ta ce, "Mma, ni ce matar direban da ke kawo miki saƙo."

Tsohuwar ta daɗe tana riƙe da fuskarta da hannu biyu. Ta ce tamkar ɗanta ne, a ɗakin zaure yake kwana, kuma bai taɓa shigowa hannu rabbana ba. Ni ganin za a sake sabon zama, na yi ƙarfin hali na ce, "Mma, ki yi mana afuwa, so muke mu kai ta Babbar Taya kafin a rufe. Shi ne ya yi mata alkawari, tun da shi ya sha hawa."

"Wa? Shi?" Tsohuwar ta girgiza kai. "Bai taɓa hawa ba, 'yata. Daga kan gada yake hango ta in zai wuce da kaya. Na ce masa ya je mana, ya ce shi ba zai hau shi kaɗai ba kamar maraya, sai ya zo da matarsa."

Sannan ta sa aka jawo mata wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta fito da turmin atamfa shuɗiya mai zanen ganye, har yanzu da takardarta. Ta ce zuwansa na ƙarshe ta nuna masa, ta ce ta bikin jikarta ce, shi kuma ya hana ta kai wa telan unguwa, ya ce ta ajiye, idan ya dawo zai tafi da ita matarsa ta ɗinka. Ta ajiye. Bikin saura mako biyar, jikokin suna ta yi mata faɗa, ita kuma ta kasa ba wani.

Aminiyata ta warware yadin ta murza bakinsa tsakanin yatsu, yadda takan yi ta gane mai kyau. Ta ce, "Mma, tashi tsaye." Ba ta da tef, sai ta auna ta da hannu, taƙi bayan taƙi: kafaɗa, ƙirji, hannu, daga wuya zuwa gwiwa. Ta ninke atamfar ta rungume. "Da hannuna zan kawo miki," ta ce. Ni a lokacin na ɗauka maganar daɗin baki ce irin wadda ake yi wa tsofaffi. Idona yana kan agogon bango, biyar da kwata.

Yadda Nas ta ratsa Abijan a yammacin nan, Allah kaɗai ya tsare. Muna hawa gada na gan ta, can gefen ruwa, tana juyawa a hankali kamar ba ta da inda za ta. Na taɓa aminiyata na nuna mata. Ta ce, "Daga nan ke nan yake ganinta." Muka isa saura minti goma. Malama ta ruga wajen tikiti mayafinta na tashi, muka bi ta tsakanin dawakan katako masu zagaye da ƙananan motoci masu karo da juna, kiɗa na tashi ta ko'ina, ƙamshin gugguru da alawar auduga ya cika wurin. Mata huɗu manya da mayafai muna haki a layi ɗaya da yara 'yan makaranta. Mu ne na ƙarshe da aka bari suka shiga.

Nas da Malama suka shiga kwando ɗaya, ni da aminiyata muka shiga na bayansu. Da ƙasa ta fara nisa sai na gano abin da ban sani ba game da kaina, wato ni matsoraciya ce. Ni da na kawo shawara, ni da ke faɗa da 'yan trotro, na ƙanƙame ƙarfe na runtse ido ina karanto duk addu'ar da na iya. Daga kwandon sama ina jin Nas tana ƙyalƙyala dariya tana kiran, "Mai waake ya mutu?"

"Buɗe idonki," in ji aminiyata. "Kin kawo ni, ke kuma ba za ki gani ba?"

Na buɗe. Tayar ta tsaya cak muna can ƙololuwa, kwandon yana ɗan lilo. Kiɗan ƙasa ya zama siriri, kamar daga wani gari yake zuwa. Ruwan da ya ratsa birnin ya koma ruwan zinariya, gadoji kwance a kansa, motoci suna bi kamar tururuwa. Can gaba teku, da manyan jirage tsaye a kanta ba motsi, rana ja wur tana dab da taɓa ruwa. Wasu fararen tsuntsaye suka wuce ta ƙarƙashinmu. Ban taɓa ganin bayan tsuntsu yana tashi ba sai ranar.

Aminiyata ba teku take kallo ba. Ta juya wajen da muka fito, inda ba komai sai rufin gidaje da kore da hazo. Ta daɗe tana dubawa.

"Ba a ganin shanyar," ta ce. "Da ya hau da ya sani."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Na jira dariyar da na yi tafiyar kwana biyu dominta, ba ta zo ba. Na ce a raina shi ke nan, na kawo ta ta yi sallama ne, Laraba za ta tafi. Tayar ta motsa, muka fara saukowa. Sai na ga leɓɓanta na motsi, babban yatsanta yana bin gaɓoɓin sauran yatsu, atamfar tana kan cinyarta don ta ƙi barinta a mota. Na ɗauka tasbihi take yi, na bari sai da ta ɗan tsagaita.

"Ki sa ni a addu'ar," na ce.

"Awon Mma nake maimaitawa, kar ya zube. Kafaɗa biyu da yatsa uku. Kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu sauka, sai na rage a nan." Ta nuna a tata kafaɗar.

Na yi ta maza na ce, kamar ba komai, "Keke ai ana ɗaukarsa a mota har Dosso."

"Ana ɗauka," ta ce. Sai da kwandonmu ya wuce ƙasa ya sake hawa ta ƙara da cewa, "Amma na ce mata da hannuna zan kawo."

Ban ƙara tambaya ba, don ina tsoron amsar. Zagaye uku muka yi. A na ƙarshe an kunna fitilun tayar, kore da ja suna bin mayafinta, ni kuma na manta ban riƙe ƙarfe ba.

Litinin muka dawo, but ɗin ya fi na zuwa cika, don kowane gida ya ba da amsa: aceke, man ja, sabulu, har da kwakwa shida. Ban yi tsaki ko sau ɗaya ba. Talata aminiyata ta bi gidajen unguwa da ƙafarta tana miƙa wa kowa nasa, tana zama tana shan ruwa. Keken dai yana nan a lulluɓe, na leƙa na gani.

Laraba Yaya ya iso da yamma. Suka shiga ɗaki suka sakaya ƙofa. Na zauna a bakin famfo ina wanke tukunyar da na riga na wanke, kunnena a miƙe, ban ji komai ba sai muryarsa ƙasa-ƙasa, sannan tata, ta daɗe tana magana. Da ya fito ya tsaya a kaina ya ce, "Ƙanwata, sannu da ɗawainiya." Fuskarsa ba ta nuna mini komai ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya.

Alhamis na fita da waake kamar kullum, na zuba wa wata shito a kan wanda ta ce ba ta so, na ba wani cokali biyu. Da hantsi na dawo na tarar ƙofarta a sakaye, ba takalmin Yaya a bakin ƙofa, ba kowa a tsakar gida. Na kasa ƙwanƙwasawa. Na shiga ɗaki na kwanta da kayan jikina, na juya na fuskanci bango.

Na ji an ja kujera. Na ji an kakkaɓe zani. Shiru ya ɗan biyo baya, irin na mai neman ramin allura. Sannan keken ya tashi, a hankali, yana tsayawa yana ci gaba. Wuyan riga take bi. Na sa fuskata cikin matashi na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza, kuma ban san sanda barci ya ɗauke ni ba. Ranar sai da aka tashe ni sallar la'asar.